Tankin ƙasa ko akwati ɗaya? Zaɓin tsarin ruwa ga mai son kiwon murjani a Yamai

Duk wanda ya ƙudurta ajiye murjani mai rai da kifin teku a falonsa a nan Yamai, hanyoyi uku ne a gabansa na yadda ruwan zai riƙa zagayawa, kuma tun bai sayi gilashi ba ya kamata ya tsai da ɗaya. Tankin da aka riga aka cika da ruwa da duwatsu ba a huda shi, ba a kuma sake masa shinge. In ka canza shawara daga baya, sai an kwashe komai an koma farko.

Hanya ta farko ita ce akwati ɗaya. Tankin gilashi ne da aka keɓe wani siririn lungu a bayansa da shinge, ruwa na malala ta saman shingen ya faɗa lungun, ya ratsa soso da gawayin tacewa, ƙaramin inji ya maido shi gaba. Ta biyu tanki biyu ce: babba a sama wanda aka huda, ruwa na gangarowa ta bututu zuwa wani tanki da ke ɓoye cikin kabad a ƙasa, can ake tace shi, inji mai ƙarfi ya tura shi sama. Ta uku ma tanki biyu ce, sai dai ba huji. Wani akwatin roba ake ratayawa a bakin gilashi, lanƙwasasshen bututu ya zuƙo ruwa ya ƙetara da shi ta sama, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota da tiyo.

Bidiyo da rubuce-rubucen da za ka ci karo da su a intanet kusan duk daga Faransa, Jamus ko Amurka suke, inda damuwar mai tanki ita ce ɗumama ruwa lokacin sanyi, wuta kuma da wuya a ɗauke ta. Can da kyan gani da rashin ƙara ake auna waɗannan hanyoyi. A nan tambayoyi biyu ne suka fi nauyi: me zai faru in wuta ta ɗauke da azahar a watan Afrilu ba kowa a gida, me kuma zai faru a daidai lokacin da ta dawo.

Murjani tarin ƙananan dabbobi ne, a jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa haske ta ciyar da su. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai murjanin ya fitar da ita, ya yi fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Ana son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Ya taɓa 28 na ɗan lokaci ba komai, amma ya yi kwanaki a 30 ka fara asara. A Afrilu da Mayu kuwa zafin rana a Yamai kan wuce digiri 40 kusan kullum, ɗakin da ba a sanyaya ba kuma, musamman mai rufin kwano, ko da dare ba ya hucewa sosai. Gishirin da ake so giram 35 ne a kowane kilo na ruwa, wato 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, kuma ba a son ya riƙa hawa da sauka. Sannan ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, ruwan ɗumi kuma bai kai mai sanyi ba, tankin teku a bazara ya haɗa duka biyun. Murjani na iya kwana biyu ko uku ba fitila. Ruwan da ya tsaya cik kuwa, cikin ƴan awoyi kifi zai fara haki a sama.

Da wannan ma'auni hanya ta uku ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Lanƙwasasshen bututun nan ba ya aiki sai yana cike da ruwa. A hankali kumfar iska kan taru a ƙololuwarsa, in ta yi yawa zuƙon ya katse. Matuƙar inji na aiki za ka iya lura. Hatsarin yana wajen dawowar wuta: injin ƙasa ya tashi yana tura ruwa sama, bututun da zai maido shi kuma ya ƙi ja. Tankin sama ya cika ya tumbatsa bisa tayil da wayoyin lantarki, na ƙasa ya ƙafe, injin ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Masu ƙera shi sun san da haka, shi ya sa wasu ke haɗa shi da wani ɗan inji mai tsotse iskar, wanda shi ma da wuta yake aiki. Kowace ɗaukewar wuta jarrabawa ce ga wannan tsari, unguwar da ake ɗaukewa sau da yawa a yini kuma wata rana sai ya faɗi. Abin da kawai ke jan mutane gare shi shi ne gudun huda gilashi. Ni ban ga dalilin sa shi a gida a ƙasar nan ba.

Saura biyu, kuma a nan ne zaɓin ke da wuya.

Tankin ƙasa da abin da yake ci

Ba banza masu manyan tankuna suka fi son shi ba. Tankin sama mai lita 300 in aka ƙara masa na ƙasa mai ɗaukar lita 70 ko 80, ruwan ya ƙaru, ruwa mai yawa kuma ya fi jinkirin ɗaukar zafi da canjin gishiri. Duk tarkacen aiki can suke komawa: na'urar da ke cire datti ta hanyar kumfa, buhun tacewa, na'urar ɗumama ruwa, har da ɗan lungun da ake shuka ciyawar teku don ta cinye takin da kashin kifi ke bari. Tsayin ruwan tankin sama ba ya canjawa, duk abin da ya ƙafe a ƙasa ake ganinsa. Kuma tunda daga fuskar ruwa ake kwasa, ƙurar hunturu da ke kwantawa a sama tana tare haske da shigar iska ba ta samun zama. Wanda ya taɓa barin bokitin ruwa a buɗe a watan Janairu ya san yawan ƙurar da ake magana.

Kuɗin da ake biya kuwa a injin mayar da ruwa yake. Dole ya ɗaga ruwa kamar mita 1.2 zuwa 1.5, kuma adadin litar da aka rubuta a kwalinsa na ƙasa ne, kafin hawa. Kowane taƙi na hawa da kowace kwana a bututu na rage shi. Ana son ya juya ruwan tankin sau 3 zuwa 5 a awa, wanda ga lita 300 yakan bukaci inji mai cin wat 30 zuwa 50. Injin da ke nutse cikin ruwa, kusan duk wutar da ya ci zafi take komawa a cikin ruwan. Wat 40 dare da rana ya kusa kilowat-awa ɗaya a yini. Kafin a kore wannan zafin kaɗai sai ruwa kusan lita ɗaya da rabi ya ƙafe. A Turai wannan riba ce, domin yana rage wa na'urar ɗumamawa aiki. A Yamai kaya ne a kan kaya.

Sai maganar ambaliya. Da wuta ta ɗauke, ruwan sama zai ci gaba da gangarowa har ya sauka ƙasa da bakin magudana, bututun mayarwa ma ya juya ya riƙa zuƙo ruwa baya har sai bakinsa ya shaƙi iska. Lissafin ba wuya. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, in ruwansa ya sauka da santimita 3, lita 18 ke nan. Haɗa da wanda ke cikin bututai, ka ce 22. Tankin ƙasa mai 80 da 40 zai tashi da kusan santimita 7. To ka bar masa 10 a sarari kullum, ka ja layi da alƙalami a jikin gilashi, ka gaya wa duk wanda zai ƙara ruwa ba ka nan kada ya wuce layin. Bakin bututun mayarwa ya zauna dab da fuskar ruwa, kada ya nutse can ƙasa. Ana huda ɗan rami a jikinsa ƙasa kaɗan da fuskar ruwa don ya karya zuƙo, ana kuma sayar da bawul mai hana ruwa komawa baya. Dukansu suna taimakawa, amma kada lissafinka ya dogara da su: ramin kan toshe da gansakuka, bawul ɗin kuma ƙananan halittun teku kan yi gida a cikinsa ya daina rufewa ruf. Tankin ƙasa ya iya ɗaukar duk ruwan ko da su biyun sun gaza.

Magudanar kanta iri uku ce aka fi sani, da sunayen da masu sana'ar suka laƙaba musu. Durso bututu ɗaya ne, iska da ruwa na gangarawa tare, yana da ɗan gurnani, kuma dodon koɗi guda in ya shige ya toshe shi, shi ke nan. Herbie bututu biyu ne: na farko cike yake da ruwa zalla ba iska, ana daidaita shi da bawul har abin da ke sauka ya yi daidai da abin da inji ke turawa, shi ya sa ba ya ƙara; na biyu ya ɗan fi shi tsayi, a buɗe yake yana jiran ranar da na farko zai gaza. BeanAnimal uku ne, an ƙara na tsakiya da ke ɗauke ɗan rarar ruwa kullum, na ukun ya zauna a bushe.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a Herbie da BeanAnimal duk lokacin da wuta ta dawo bututun farko cike yake da iska, kuma yana ɗaukar minti ɗaya ko fiye kafin ya fitar da ita ya kama ja. A wannan tsakanin bututun ko-ta-kwana ne ke ɗauke da ruwan. Wanda wutarsa ba ta ɗaukewa zai iya shekara bai ga haka ba, kai kuwa kullum ne. Don haka kada na ko-ta-kwana ya gaza na farko faɗi, kada a sa masa bawul ko ɗaya, kuma bakin na farko a tankin ƙasa kada ya nutse fiye da santimita 2 ko 3, in ba haka ba iskar ba za ta fita da sauri ba. Ga lita 300, bututu mai milimita 32 na sauka da mai 25 na hawa sun wadatar. In dai za a huda gilashin, ni na fi son a yi huji uku na sauka a huta.

Kayan aikin akasari ana samu a Katako, sai dai ka je da idonka a buɗe, domin mai aikin pompo da ka ɗauka gwani ne a ruwan gida, inda tagulla abin alfahari ce. Jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi ko da ɗan mitsitsi ne ya narke, tagulla kuma da jan ƙarfe ake haɗa ta. Kada ƙarfe ko ɗaya ya taɓa ruwan. Koren bututun nan na PPR da ake haɗawa da zafi, robarsa ba laifi, amma mahaɗansa masu zare da tagulla a ciki. Ka tsaya kan PVC mai kauri na ruwan matsi, ba siririn na magudanar banɗaki ba. Bawul na roba mai ƙwallo yana da sauƙin samu kuma ya isa rufewa da buɗewa, sai dai daidaita Herbie da shi aikin haƙuri ne, ka ɗan taɓa ya yi yawa, ka maido ya yi kaɗan. Mai murɗawa a hankali ne ya dace, na kasuwa kuma galibi na tagulla ne, don haka na roba sai an yi odarsa tare da mahaɗan da ke ratsa gilashi. Wajen oda ka kula: kayan Amurka da inci ake auna su, na kasuwarmu da milimita, kuma ba sa shiga juna ko an cika gam. Haka injunansu na wuta mai volt 110 zuwa 120 ne, tamu 220. Ka sa mahaɗi mai kwancewa kusa da inji da kowane bawul, don ranar wanki kada sai an kawo zarto.

Gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi ba ya huduwa, da an taɓa shi zai tarwatse. Ka tabbatar wa mai yankan gilashi cewa na yau da kullum kake so, kauri milimita 10 ga tanki mai tsayin santimita 50 tare da maɗauri a sama, a huda kafin a haɗa, da haƙorin lu'ulu'u ana zuba ruwa. Silikon ɗin banɗaki mai maganin funfuna ba ya shiga wannan aiki, sai wanda aka rubuta na tankin kifi ne.

Akwati ɗaya da inda yake da rauni

A nan duk wancan dogon lissafi ya kau. Ruwa bai bar akwatin ba balle ya rasa hanyar dawowa. Wuta ta ɗauke, ruwan gaba da na lungu su daidaita, ta dawo, inji ya ci gaba. Ba huji a gindi, ba gam, ba abin da zai ɗiga cikin kabad. Injin kuma ƴan santimita kawai yake ɗaga ruwa, don haka mai wat 10 zuwa 15 ya isa, zafinsa kaɗan, kuma batir na iya riƙe shi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: a tsarin tanki biyu, in wuta ta tafi matatar gaba ɗaya ta rabu da kifin sai in kana da ƙarfin tada babban inji, a akwati ɗaya kuwa komai na iya ci gaba da ɗan abin da batir ke bayarwa.

Rauninsa na farko girma ne. Waɗanda kamfanoni ke sayarwa a haɗe yawanci ƙanana ne, lita 40 zuwa 130, ga kyau a hoto. Ƙaramin ruwa kuwa da ɗaki ya yi zafi yake bin sa. Tanki mai lita 60 in ya rasa lita 2 a yini, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa sama da 36, domin ruwa ne ke tashi, gishiri na nan. Mai lita 300 ko 5 ya rasa bai kai 36 ba. Ga kuma wahalar kawo akwatin gilashi daga tashar jirgin ruwa, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a mota.

Rauni na biyu ya fi ɓoyuwa. Duk ruwan da ya ƙafe, a ɗan ɗakin da inji ke zaune ake ganinsa. In ɗakin santimita 15 ne da 10, lita 3 kacal za su saukar da ruwansa da santimita 20. A watan Maris da fanka na busawa, wannan aikin yini ɗaya ne. Ka fita da safe lafiya, ka dawo ka tarar inji na shaƙar iska. Saboda haka na'urar da ke ƙara ruwan daɗi da kanta in ya ragu, wadda a wasu ƙasashe ƙarin jin daɗi ce, a nan dole ce, da jarka mai lita 25 a gefenta. Tankin ƙasa ma na bukatarta, amma ɗakin injinsa ya fi faɗi, yana ba ka lokaci.

Maganin raunin biyu ɗaya ne: kada ka sayi haɗaɗɗe, ka sa a haɗa maka a nan. Tanki mai lita 200 zuwa 250, shinge a baya ko a gefe ɗaya mai faɗin santimita 12 zuwa 15, a ba ɗakin inji rabin lungun. Na'urar cire datti mai kumfa da za ta shiga wannan lungu ƙarama ce, gaskiya, amma ga murjani mai laushi da kifi huɗu ko biyar, canjin ruwa a kan kari na cike gurbin.

Sanyi, batir da ruwa

Ko wanne ka zaɓa, a kan sanyaya ruwa kuɗinka zai fi tafiya. Fanka da ke busa fuskar ruwa ta fi komai araha: ƙafewar rabin lita na sauke zafin lita 300 da kamar digiri ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Maris iskarmu busasshiya ce, fanka na aiki sosai. Lokacin wuya shi ne Mayu zuwa Yuni, sa'ad da zafi bai tafi ba, laimar damina kuma ta fara shigowa, ƙafewa ta ragu. Fanka kan ba ka ƴan digiri ne kawai, ba za ta maida ɗaki mai 36 ya ba ka ruwa mai 26 ba. Dole ɗaya daga biyu: ko a sanyaya ɗakin, ko a sayi injin sanyaya ruwa. Injin nan firij ne ƙarami, zafin da ya cire daga ruwa cikin ɗaki yake zubarwa, don haka in ka kulle shi cikin kabad ka yi aikin banza. A nan tankin ƙasa ya yi nasara, domin reshe ɗaya za a cire daga bututun mayarwa a bi da shi ta injin. A akwati ɗaya sai an ƙara wani inji da tiyo biyu suna leƙowa ta baki. Zaɓin ɗaki ma rabin aiki ne: na tsakiyar gida, nesa da bangon yamma da taga. Kuma duk da wannan zafi ka sayi na'urar ɗumamawa, domin daren Disamba da Janairu kan sauka wajen digiri 15.

Ranar da komai ya tsaya, gorar ruwa da aka daskarar a rufe ake jefawa ciki. Gora biyu masu lita ɗaya da rabi na sauke lita 300 da kamar digiri ɗaya. Ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa kada ta shiga tsirara, ruwan pompo ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, batir na cikin kayan farko, kafin fitila mai tsada. Abin da ba a yarda ya tsaya ba shi ne ƙananan injunan da ke kaɗa ruwa a cikin tankin. Ka zaɓi masu aiki da wuta mai volt 12 ko 24, waɗanda ake iya ba su daga batir. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100, in na gubar dalma ne rabin ƙarfinsa ake ci don ya daɗe, wato wat-awa 600. Kayan da ke cin wat 20 za su yi awa 30 a kansa. Ƙara masa babban injin tankin ƙasa, ka sauko awa 10. Injin sanyaya ruwa kuwa ba abincin batir ɗaya ba ne, sai mai sola sosai ko janareto. Ruwan gishiri na ɗaukar lantarki fiye da na daɗi nesa ba kusa ba, don haka mai gyaran wuta ya duba ko gidan na da wayar ƙasa, ya sa makatsar kariya mai miliamfiya 30, soket kuma su zauna sama da inda ruwa zai iya fallatsa.

Ruwan pompon Yamai daga kogin Isa yake, ana tace shi a Gudel don sha. Ya yi wa mutum, amma sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da sauran abin da ya narke a ciki ba su yi wa murjani ba. Ana bukatar matatar osmos, wadda ke matse ruwa ta cikin wata siririyar fata mai tare abin da ya narke, tare da ƙarin kwalbar da ke kwashe ragowar ma'adinai, har ɗan ma'aunin abin da ya narke a ruwa ya nuna sifili. Tana zubar da lita 3 zuwa 4 kafin ta ba ka ɗaya, sai a tara wannan don wanki ko shuka, kuma inda ruwa ba ya zuwa da ƙarfi sai an ƙara mata injin matsi. Ruwan leda kada ka ɗauka ya wadatar sai ka auna. Gishiri kuwa, na Bilma da na Foga da na miya duk ba sa yi, domin ruwan teku na da alli da magniziyam da wasu ma'adinai a kan wani ƙayyadadden kaso. Haɗaɗɗe ake saye, irin su Red Sea, Tropic Marin ko Instant Ocean, bokitin kilo 20 zuwa 22 na yin wajen lita 600. Mai lita 300 da ke canja kashi 10 cikin 100 duk mako zai ci kusan kilo 60 a shekara, bayan cikon farko. Mai tankin ƙasa ya fi haka. Wannan nauyi ne da za a riƙa shigowa da shi daga waje har abada, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na ba kowa shawarar ya fara da lita 500.

Ga wanda bai taɓa yi ba, ko yana haya, ko ba shi da solar da ke riƙe gida, akwati ɗaya mai lita 200 zuwa 250 haɗin gida shi ne zaɓina, kuɗin da zai tafi a bututu da babban inji ya koma batir, matatar osmos da sanyaya ɗaki. Wanda ke da gidan kansa, da wutar da ba ta yankewa saboda sola ko janareto mai tashi da kansa, kuma burinsa murjani mai ƙashi irin su Acropora da ba sa yafe kuskure, tankin ƙasa da magudana uku ya fi masa. Wanda ba zai iya riƙe ruwa ƙasa da digiri 28 a watan Mayu ba kuwa, kowanne ya gina asara zai yi, gara ya yi tankin ruwan daɗi da kifin da ya san zafinmu.

Kafin gishiri ya shiga, a cika da ruwan pompo a bar shi kwanaki a tsakar gida. A zare wuta a maido, a maimaita, a toshe magudanar farko da hannu a ga ko ta ko-ta-kwana za ta ɗauka. Bayan an zuba ruwan gishiri da duwatsu, sai an jira mako 4 zuwa 6 ƙwayoyin da ke sarrafa ƙazantar kifi su kafu kafin a sa wani abu mai rai. Jan dutsen tudun Yamai ƙarfe ne a cikinsa, yashin kogi ma ba ya yi. Farin dutsen Adar zai ba mutumin Tawa sha'awa tunda na alli ne, irin wanda ake siminti da shi a Malbaza, amma yankin an san shi da fosfat, fosfat kuma shi ke cika tanki da gansakuka. Busasshen dutsen da aka yi don wannan aiki ya fi aminci.

Gaɓar Kwatano da Lome ba ta da tsibiran murjani, saboda haka ba abin da ɗan'uwa mai zuwa fatauci zai ɗebo maka a bakin teku. Daga Indonesiya, Ostireliya ko gonakin murjani na Turai yake zuwa, ta jirgin sama. Murjani mai ƙashi na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa, wadda Nijar ke ciki, sai da takardun izini. Masu laushi irin su Sarcophyton, Discosoma da Zoanthus sun fi juriya, da su ake farawa, tare da kifin Amphiprion wanda aka haifa a gona. Zoanthus da danginsa wasunsu na da guba mai tsanani: safar hannu da tabarau wajen taɓa su, kuma ba a taɓa tafasa dutsen da suke kai. Ka tsara ginin yadda jiran makonnin nan zai ƙare a Disamba, domin kwalin da zai zauna a filin jirgin Diori Hamani ana cike takardu ya fi samun tsira a Janairu bisa Afrilu.